Fallen da Hannun Uwaisu Ya Rufe

Thamesmead, Landan
9 ga Agusta, 1976

Zuwa ga Yayata Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya sassauta wa Inna ciwon gwiwar nan da kika ce ya hana ta zuwa unguwa. Mu nan muna nan da rai, mun gode Allah. Maigidan yana fama da aikinsa na gidan rediyo, ya fita da sassafe ya dawo a gajiye. 'Yarmu Zubaida ta girma, ta yi baki, sai dai in na yi mata magana da Hausa ta amsa mini da Turanci, har na fara tunanin turo miki ita ta yi wata uku a hannunki ki gyara mata harshe. Zafi kuwa ake yi bana irin wanda tsofaffin garin nan suka ce ba su taɓa gani ba. Ciyawa ta bushe ƙurmus, mun yi makonni ba mu ga ɗigon ruwa ba, Turawa sai faɗuwa suke a titi, ni kuwa ko a jikina.

Yaya, ki nemi wuri ki zauna ke kaɗai kafin ki ci gaba, kada ki karanta a gaban Inna. Alhaji Abdulƙadir na ofishin jakadancinmu ne zai kawo miki takardar hannu da hannu, tare da ƙunshi biyu, babba da ƙarami. Ƙaramin kada ki kwance shi sai kin kai ƙarshe. Maganar ta ƙanenmu Uwaisu ce, da Alƙur'anin Kaka Mainasara.

Kina wurin ranar da ya roƙi Baba ya ba shi littafin ya taho da shi, wai a makarantar da yake koyon gyaran tsofaffin littattafai akwai maganin ƙwarin da suka fara cin gefen takardun. Kin kuma ji abin da Baba ya ce bayan ya yi kwana uku yana ƙi. Ya ɗora hannu a kan gafakar ya ce mahaifinsa ya rubuta shi a hanyar Makka, ya rataya shi a wuya ya je da ƙafa ya dawo da ƙafa cikin shekara bakwai, ko falle ɗaya bai salwanta ba. Ya ce a dawo masa da shi kafin azumi domin da shi yake saukarsa duk shekara, kuma in aka rasa ko falle ɗaya, to kada Uwaisu ya sake tako zaurensa. Ni da ke mun san Baba ba ya maimaita magana. Ga azumi saura bai kai mako uku ba.

Abin da autan naku bai faɗa wa kowa ba shi ne wannan. Wata ƙasa ta Larabawa da Allah ya buɗa mata da man fetur tana gina babban gidan tarihi na ƙasa, kuma sun kawo wasu daga cikin kayansu nan Landan suna nunawa a wani zaure kusa da Aldwych kafin a gama ginin. Uwaisu ya ja ni muka je, da littafin a hannunsa. Gaskiya na sha kallo. Na ga tukwanen da aka haƙo daga ƙarƙashin rairayi tun na zamanin jahiliyya, wata ma sak tukunyar da Inna ke jiƙa tsamiya a ciki, an killace ta cikin gilashi kamar amarya. Na ga duwatsu masu rubutun da ba wanda ya iya karantawa sai mutum biyu uku, da takubba, da sirdin raƙumi, da wata ƙofar masallaci da aka sassaƙa har ba wurin ɗora yatsa. A bango ɗaya sun zana hanyoyin da alhazai ke bi a da, sai ga tamu ta fito daga Kano ta ratsa Barno ta miƙe gabas. Nan ƙwalla ta cika mini ido. Shugaban wurin, wani dattijon Balarabe mai farin gemu, da Uwaisu ya kwance masa gafaka ya ga rubutun Kaka da zayyanarsa, sai ya nemi wuri ya zauna. Ya ce suna da ɗaki guda na hanyoyin hajji, amma ba su da abu ko ɗaya da ya fito daga hannun mutanenmu masu zuwa da ƙafa, ya roƙa a ba su aron littafin shekara uku. Kan Uwaisu ya fasu, ya ce ya yarda, wai Baba in ya ga hoton zai huce. Na ce masa a gaban dattijon, da Hausa, bai da hankali. Aka tsaya a kan za mu koma da shi gida mu yi shawara.

Dattijon ya ce a kai mu a motarsu, a sa littafin a wani akwatin ƙarfe. Da ma mun yarda. Amma Uwaisu na ganin direban ya buɗe bayan mota zai ajiye akwatin kusa da taya da tsumman goge mai, sai ya yi tsalle ya karɓe, ya ce ba a ɗora Alƙur'ani inda ake ɗora kayan bola, kuma ba zai sa shi a akwatin da za a ajiye a ƙasa kusa da ƙafafun mutane ba. Ya rataya gafakar a wuyansa yadda Kaka ke yi, a kan babbar rigarsa, ga hula ya karkata, muka hau bas. Maigidan ya sha faɗa masa ya daina yawo da babbar riga a unguwarmu. Akwai wasu ƙatti masu aske kai ƙwal, masu manyan takalma da ƙarfe a baki, da ba sa son ganin baƙar fata. Sun taɓa fasa mana taga da dutse, sun tofa mini yawu a gyale a bakin kanti. Uwaisu ya ce shi ba zai je gaban Larabawa da kwat kamar masinja ba.

Asabar ce, ashirin da huɗu ga watan jiya, wajen la'asar, da sauran rana sosai. Unguwar tamu duk gini ne na siminti, da dogayen baranda da ake bi daga wannan bene zuwa wancan. Mun sauka daga bas mun hau barandar da ke kaiwa gidanmu sai muka gan su, su biyar, suna zaune a kan dakali da kwalabe. Na ce wa Uwaisu mu juya, ya ce in muka juya za su san mun ji tsoro. Ɗaya ya miƙe ya tare hanya, ya kaɗe masa hula da yatsa, ta faɗa ƙasa. Uwaisu ya ƙara riƙe gafakar. Wani ya zagayo ta baya ya kama igiyar gafakar ya ja, yana tambaya wai me ke cikin jakar matan nan. Igiyar ta shaƙe shi, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya firfito, amma hannayensa biyu suna kan gafakar ya ƙanƙame ta a ƙirji. Na yi kansu ina ihu, wani ya mare ni da bayan hannu har na ga wuta, ya fizge ɗankwalina ya jefa ƙasan bene. Sai babbansu, wani jibgege mai zane a wuya, ya zaro wuƙa ya datse igiyar. Suka fizgi gafakar, ya zazzage ta sama yana dariya.

Kin san littafin Kaka ba ɗinki gare shi ba, fallaye ne a jere. Yaya, na ga takardun nan sun tashi sama sun watsu a kan siminti, iska tana jan su. Wallahi har yanzu in na rufe ido su nake gani. A lokacin nan hankalinsu duk ya koma kan takardun, suna shura su suna shewa, hanya a buɗe take, ƙofarmu ba ta fi taku hamsin ba. Duk mai neman ransa da gudu zai yi. Na kama rigar Uwaisu na ja, ya fizge. Ya durƙusa a tsakiyarsu ya fara tsincewa ɗaya bayan ɗaya, yana kaɗe ƙurar kowane falle kafin ya cusa shi cikin rigarsa, sai ka ce a zauren Baba yake. Su ma sai da suka tsaya suna kallonsa. Daga nan na farko ya auna haƙarƙarinsa ya shura. Na ji ƙarar kamar an karya kara. Ya kife, ya tashi a gwiwa, ya miƙa hannu ga falle na gaba. Suka rufar masa su uku, da takalma, a ciki, a baya, a ka. Bakinsa ya fashe, jini ya wanke gaban farar rigar, shi kuwa damuwarsa kada jinin ya taɓa takardun, yana ta kau da kai gefe yana tofarwa.

Jibgegen ya hango wani falle a gabansa, ya ɗaga ƙafa zai taka. Uwaisu ya yi wuf ya ɗora hannunsa na dama a kai. Takalmin ya sauka a kan hannun. Mutumin ya dube shi, ya sake ɗagawa ya taka, ya sake, yana jira ya janye. Bai janye ba. Na ƙirga har sau huɗu, a na ƙarshe ya murza dunduniya. Uwaisu ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinta ba, amma hannun yana nan a shimfiɗe.

Ni kuwa ban san lokacin da na rarumi kwalbar madara a bakin wata ƙofa ba. Na sauke ta a ƙeyar jibgegen da iyakar ƙarfina, ta tarwatse, jini ya ɓalle masa har cikin kunne. Ki gaya wa duk wanda ya ce bai dace da mace ba cewa ban yi nadama ba, baƙin cikina ɗaya, kwalbar ba ta fi haka girma ba. Ya juyo ya naushe ni a baki, haƙorina na gaba ya fita, na faɗi kaina ya bugu da ƙarfen baranda. Ina kwance ina ganin ya nufo ni da wuƙar, na yi shahada. Sai ruwa ya zubo masa daga sama, tafasasshe, ya yi kururuwa ya yar da wuƙar yana yagar rigarsa. Maƙwabciyarmu ce Chundung, wata nas mutuniyar Jos da ke bene na sama. Ta ɗora ruwan shinkafa ta ji ihuna, ta leƙo, ta juye masa tukunyar gaba ɗaya. Allah ya sa a lokacin ya matso wajena, nesa da takardun, domin kin san tawadar Kaka ta gida ce, ruwa na taɓa ta shi ke nan. Ta sauko da murfin tukunya tana bugawa tana kwarara ihu, ƙofofi suka fara buɗewa, ƙattin suka kwashi ɗan'uwansu suka arce.

Chundung ta durƙusa a kan Uwaisu, ta yage gefen zaninta ta ɗaure masa hannu. Shi kuwa da bakinsa a fashe ba abin da yake faɗa sai a tsince takardu, iska za ta kai su tafkin unguwar. Baiwar Allah nan Kirista ce, amma ta tashi cikin Musulmi. Ta tambaye ni ko ya halatta ta taɓa, kafin in amsa ta cire ɗankwalinta ta naɗe hannu da shi, da haka ta yi ta tsinta tana tarawa a cinyarta, ba ta bari ko ɗaya ya koma ƙasa. Wata tsohuwar Baturiya ta sauka har ƙasan bene ta kwaso mana goma sha ɗaya daga cikin busasshiyar ciyawa. 'Yan sanda sun zo bayan komai ya lafa, suka rubuta abin da suka rubuta, har yau ba mu ji an kama kowa ba.

A asibiti aka ce haƙarƙari biyu sun karye, an yi masa ɗinki a leɓe da gira. Wannan duk zai warke. Hannun ne magana. Ƙasusuwan yatsu uku sun farfashe, an yi aiki sau biyu, likita ya gaya wa maigidan a keɓe cewa manuniya da na tsakiya ba za su sake lanƙwasuwa ba. Yaya, Uwaisu ba zai ƙara riƙe alƙalami da wannan hannu ba. Shi kaɗai ne a cikinmu ya gaji hannun Kaka, wanda Baba ke sa ya rubuta allon baƙi don a gani. Na shiga bayan gida na asibitin na yi kuka har na gode Allah, sannan na wanke fuska na fito na tsokane shi da cewa yanzu mun yi anko, ni ba haƙori shi ba yatsa.

Da aka sallame shi muka yi alwala, muka shimfiɗa sabon zanin gado a kan tabarma muka fara jera fallayen. Kaka bai sa lamba ba, sai kalmar nan ɗaya da yake rubutawa a ƙasan kowane falle, wadda da ita falle na gaba zai fara. Uwaisu yana kwance a kujera, ni ina karanta masa kalmar ƙasa, shi yana ɗorawa da ka har in gano wanda ya dace. Duk ranƙwashin da Baba ya yi masa a kan hadda ranar ya biya. Kwana huɗu muka yi. Wasu sun yi ƙura, wasu sun lanƙwashe, biyu suna da sawun takalmi a gefe wanda bai taɓa rubutu ba. Muka kai ƙarshe komai ya cika, sai wuri ɗaya a cikin Suratu Yusuf da kalmar ƙasa ba ta haɗu da ta sama ba. Mun san inda fallen yake. Chundung ce ta ɓamɓare shi daga ƙarƙashin hannunsa ranar, ya yage ta gefe uku, jini ya jiƙe shi. Ba zai koma cikin 'yan'uwansa ba.

A nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Uwaisu ya ce a rufe maganar. Yana da tsohuwar takarda irin ta Kaka a makaranta, ya iya haɗa tawadar, zai kwafi fallen ya saka, idon Baba ya yi rauni ba zai gane ba. Ya sa na ɗaura masa alƙalami a jikin bandeji da zare. Na tsaya ina kallo yana zufa, haƙoransa a datse, ya kasa jan alif ɗaya miƙaƙƙe, jini ya fara ɓullowa ta bandejin. Na kwance alƙalamin na karya shi a gabansa. Na ce ƙaryar farko ta maganin ƙwari ce ta kawo mu nan, ba za a ɗora ta biyu a cikin littafin Allah ba. Ya kira ni munafuka, ya ce so nake a kore shi daga gida. Kwana biyu bai yi mini magana ba. A rana ta uku dattijon Balaraben nan ya zo dubiya da dabino. Ya ga fallen, ya ce har yanzu suna so, za su lallaɓa shi su ajiye shi cikin gilashi yadda yake, a rubuta labarinsa a ƙasa. Ina jira in ji me autan zai ce. Ya yi godiya, ya ce littafin ba nasa ba ne, na wani tsoho ne a Kano da ke jiransa kafin a ga wata, kuma tun farko bai kamata ya yi alkawari da abin da ba nasa ba. Bayan baƙon ya tafi ya ce in rubuto miki, in faɗi komai, har da maganar aron.

To Yaya, ga abin da nake roƙonki, don ke ce Baba ke saurara. Babban ƙunshin shi ne littafin, na ɗinke igiyar gafakar da hannuna, ki yi haƙuri da ɗinkin. Ki kai masa da kanki bayan ya ci abinci, ki durƙusa ki faɗa masa duk abin da na faɗa miki, kada ki rage kada ki ƙara. A gurbin fallen mun saka farar takarda da aka yanka daidai da sauran. Uwaisu ba ya neman a ce bai yi laifi ba. Ya ce in Baba ya ɗauki alƙalami ya cike wannan takarda da hannunsa, to ya san an yafe masa, zai taho gida da Sallah. In kuma ya bar ta fara, ya fahimta, ba zai tako zauren ba. Tun ranar ba ya cin abincin kirki, kullum yana zaune a bakin taga da hannu a rataye, kuma ina jin tsoron abin da zai zama in amsar ta zo ba daɗi.

Yanzu ki kwance ƙaramin ƙunshin. Fallen ne, na naɗe shi daban saboda jinin, Baba ya fi mu sanin yadda za a yi da shi. Amma kafin ya yanke hukunci ki roƙe shi ya fito da shi haske ya duba da kyau. Gefe duk ya dagargaje, ya yi baƙi. A tsakiya kuwa zai ga wuri fari tas, daidai faɗin tafin hannu, layi biyar na rubutun mahaifinsa, ko wasali ɗaya bai goge ba. Ki ce ya ɗora nasa hannun a wurin ya gwada.

Ki gaishe mini da Inna, ki lallaɓa ta, ki fara ce mata yana cin abinci yana tafiya da ƙafarsa kafin ki faɗi sauran. Ki gaida Gwaggo Dela da Karimatu da jaririnta, da Ali, ki ce masa saƙon agogonsa yana nan ban manta ba. Maigidan yana gaida Baba da girmamawa. Chundung ma ta ce a gaida tsohon da ba ta sani ba, don Allah ku sa ta a addu'a. Alhaji Abdulƙadir zai juyo bayan kwana goma, ko kalma ɗaya ce ki ba shi ya kawo mana. Allah ya kai mu azumi lafiya, ya sada mu da alheri.

Wannan karkataccen rubutu da za ki gani a ƙasan sunana ba Zubaida ce ta yi wasa da biro ba. Uwaisu ne da hannun hagu, ya yi kusan rabin sa'a a kansa. Ya so ya rubuta gaisuwa ga Baba, iyakar abin da ya samu ke nan, sunansa.

Wassalam. Taki ƙanwa har kullum,

Zinatu

Uwaisu